Motar Auta a Rumfar Yaya

A bayan gidan man da ke bakin babban titi akwai wata doguwar rumfar kwano, ƙasanta siminti ne da ya faffashe, kullum a jiƙe. Masu wankin mota sun cinye gabanta da bokitansu, mai faci ya kama gefe guda da tarin tayoyinsa, can ƙarshe kuma, inda ruwa ba ya kaiwa, nan ne wurin matar da direbobi ke kira Mai Tururi. 'Yan uwanta Yaya suke ce mata, don ita ce babba a ɗakinsu, har 'yan rumfar ma suka ɗauka. Ita kaɗai ce mace a wurin, kuma ba ruwanta da jikin mota ta waje. Cikin mota ne aikinta: kujeru, kafet, dashbod, ƙofofi, da duk wani lungu da yatsa ba ya shiga.

Injin nata bai fi bokitin fenti girma ba. Rawaya ne a da, yanzu ya koɗe, yana da 'yan tayoyi da doguwar tiyo baƙa. A zuba masa ruwa, a jona shi da wuta, a ba shi ɗan lokaci, sai ya fara huci. Bakunansa suna cikin wata tsohuwar jaka: siriri na shiga ramukan iska da gefen giya, mai buroshi na kafet, da mai faɗi wanda take naɗe wa tawul in za ta bi kujera. Hannun dama na fesa tururi, na hagu na bi da tsumma kafin dattin da ya narke ya sake kwanciya. In ta gama da mota sai ta bar ƙofofin a buɗe ta sha iska, mai ita ya zo ya leƙa ya ce kamar yau aka sauke ta daga kamfani.

Ba da wannan sana'a ta tashi ba. Mahaifiyarsu ta rasu ƙanwarta Auta tana rarrafe, dole Yaya ta ajiye littafi ta ɗauki zanen goyo. Da dutsen guga ta raini yarinyar, tana goge kayan maƙwabta, Auta na barci a bayanta. Auta ta yi karatu har inda karatu ya kai ta, ta samu aiki a banki, ta auri wani injiniya mai gina wa mutane gidaje. Ita kuwa Yaya mai wankin mota ta aura, mutum mai sanyin hali da yawan tari. Shi ya sayo injin na hannu, amma ita ta fi shi gane kansa, don wadda ta shekara da shekaru tana guga ta san yadin da ke son zafi da wanda zafi ke kashewa. Da ciwon ƙirjinsa ya kwantar da shi sai ta riƙa zuwa rumfar a madadinsa. Da ya rasu ba ta daina zuwa ba.

'Ya ɗaya ya bar mata, 'yar siririya mai manyan haƙoran gaba, shi ya laƙaba mata Zomo, sunan kuma ya bi ta. Tana gab da shiga firamare lokacin. Yaya kan zo da ita rumfar ta zaunar da ita a kan taya, yarinya ta wuni cikin hayaƙin mota da ashar ɗin direbobi. Wata rana Auta ta zo ta same ta tana wasa da wata ƙusa a bakinta.

"Yaya, ki ba ni ita ta yi zango ɗaya a wurina," in ji Auta. "Makarantar da ke layinmu mai kyau ce. Kafin nan kin samu kanki."

Auta ta daɗe da aure ba ta taɓa ko ɓari ba, gidan nan nata babba shiru kamar asibiti. Yaya ta dubi ƙusar, ta dubi ƙanwarta, ta ce to. Zango ɗaya ya zama shekara, shekara ta ja wata, ba wanda ya sake tayar da maganar dawowa.

Duk Asabar da hantsi Auta kan kawo motarta, wata doguwa mai ruwan toka, da kujerun yadi masu haske. Ta ce ta haka uwa da 'ya za su riƙa ganin juna, kuma da zuciya ɗaya ta faɗa. Zomo kan fito da 'yar rigarta mai tsabta, ta durƙusa ta gaishe da uwarta, ta zauna a bencin mai faci ana ba ta labarin ƙarya tana dariya. A farkon shekarar Umma take kiran uwarta. Kafin shekara ta zagayo bakinta ya bi na Auta, ta koma cewa Yaya, ita kuwa Auta ta zama Mami. Ranar da Yaya ta fara jin haka ta yi murmushi ta ce yara ke nan. Da suka tafi ta zauna a kan bokiti ta daɗe ba ta jona injin ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne a cikin motar nan take karanta rayuwar 'yarta. Mutane ba su san abin da suke barin wa mai share musu mota ba. A tsakanin kujeru ta tsinci fiƙaƙƙen fensir ta san an fara rubutu. Ta ga ɗigon askirim a kan bel ta san an je yawo ba da ita ba. Ta ga yashi a kafet, fari mai laushi wanda babu irinsa a garin, ta san an yi tafiya mai nisa. Akwai wani ɗan maiƙo da man gashin yarinyar ke bari a jikin kujera inda take jingina kai, kowane mako Yaya na bin sa da tururi, kowace shekara yana ƙara hawa sama. Ta nan ta fi ganin tsawon 'yarta. Wata Asabar ta zaro wani ɗan akwatin tabarau daga ƙarƙashin kujera, ƙarami, mai hoton fure.

"Na wa ne wannan?"

"Af, na Zomo ne. Ban gaya miki ba? Ba ta ganin allo sosai, mun je an auna mata ido. A aji kawai take sawa."

"Ba ki gaya mini ba."

"Wallahi na sha'afa, Yaya. Ƙaramin abu ne."

Yaya ta goge akwatin da tsumma ta ajiye a kan dashbod. Babu abin da za ta kama ta ce an yi mata laifi, shi ne ciwon. Da Auta na dukan yarinyar ko tana sa ta wanke-wanke, da tuni ta je ta ɗauko abarta da bakin magana. Amma yarinya ta yi ɓulɓul, tana zuwa ta ɗaya a aji, tana gaishe da manya. Kowa cewa yake Yaya ta yi sa'ar ƙanwa. Ita ma haka take cewa in an faɗa, a ranta kuwa wani abu na tafasa a hankali.

Mai faci, wani dattijo mai haƙori ɗaya a sama da bakin da ba ya rufuwa, shi kaɗai ya gano ta.

"Yaya, yau Asabar ce ko?" ya kan ce. "Na gani a goshinki. Tun Juma'a hadari ke haɗuwa."

"Ka ji da tayarka, malam."

"Tayata lafiyarta lau. Ke ce iska ta yi miki yawa, in ba a rage ba wata rana za mu ji ƙara."

Ba ta kula shi. Sai ta duƙa cikin motar ta huce a kan kafet. Ba motar da take wankewa kamar ta Auta. Tana bin ramukan iska ɗaya bayan ɗaya, tana bin ɗinkin sitiyari da ɗan buroshi, tana ɗaga kujeru ta share layin ƙarfen da suke gudu a kai. Kada a ce uwar Zomo ba ta iya komai ba. Tana aikin tana shaƙar turaren ƙanwarta, tana ganin takalman ofis da aka jefa a baya, tana tuna cewa ita ta koya wa ƙafafun nan tafiya.

Zomo na ajin farko na sakandare aka yi abin da ya raba su. Ranar Talata ce, ba ranar zuwan motar ba. Auta ta shigo da ita har ƙarshen rumfa, ita kaɗai, da kayan ofis a jikinta. An shimfiɗa tawul a kan kujera ɗaya. Ta yafito yayarta, ta rage murya.

"Yaya, zo ki ji. 'Yarmu ta girma."

Ta ɗaga tawul ɗin kaɗan. Tabo ne na jini, bai fi tafin hannun yaro ba, ya riga ya bushe.

"Jiya ne, muna dawowa daga makaranta. Ta tsorata, ta yi ta kuka, ta ɗauka wani ciwo ne. Na zaunar da ita na yi mata bayani, na saya mata duk abin da ake buƙata. Da safen nan har tana dariya."

"Jiya," in ji Yaya.

"Jiya da yamma."

"Wayata ta lalace ne?"

"Haba Yaya. Kunya take ji. Ita ta roƙe ni kar in gaya wa kowa. Ke ma don kujerar ne, kar Injiniya ya gani ya yi tambaya."

Auta ta miƙa mata makulli ta tari tasi ta wuce ofis. Yaya ta tsaya da makullin a hannu. Ashe ita ma tana cikin kowa. Ta daɗe tana tanadin maganar da za ta gaya wa 'yarta a wannan rana. Ita ba ta samu mai gaya mata ba, a bayan ɗaki ta gano komai ita kaɗai, ta kuma yi alkawari a ranta cewa tata 'yar ba za ta yi kuka a ranar ba. Ga shi ta yi kukan, wata ta share mata, ita kuma an kawo mata kujera.

Ba ta taɓa injin ba tukuna. Jini ba ya son zafi, in tururi ya taɓa shi sai ya dahu ya kama yadi har abada. Ta ɗebo ruwan sanyi, ta jiƙa farin tsumma, ta riƙa dannawa tana ɗagawa, daga gefe zuwa tsakiya, ba ta gogawa. Ta canza tsumma, ta ɗiga ɗan sabulu, ta ci gaba, a hankali kamar mai wanke wa jariri ido. Sai da tabon ya fita tas sannan ta jona injin ta bi kujerar duka don kar wurin ya bar jirwaye.

Da ta gama ya kamata ta kashe injin. Sai ta zagaya ta zauna a kujerar direba, inda ba ta taɓa zama ba, kullum durƙusawa take daga waje. Kujerar ta ɗauki siffar jikin Auta. Ta ɗaga kai ta dubi silin motar. Duk mai wannan aiki ya san yadin silin da gam aka manna shi, daga nesa ake nuna masa tururi a wuce da sauri. Ita da bakinta ta sha gargaɗin masu wanki a kan haka. Ta ɗaga tiyon ta manna bakinsa a silin, daidai saitin kan direba, ta danna. Tana jin hucin yana dawo mata a fuska ba ta saki ba. Ta matsa gefe kaɗan ta sake dannawa. Da ta sauke hannu yadin ya yi duhu, amma yana nan a manne, ba mai cewa an yi wani abu.

Mai faci na kallonta daga kan bencinsa. Ranar bai yi mata wasa ba.

Asabar ta zo, mota ba ta zo ba. Wata Asabar ta bi bayanta. Yaya ta kira, Auta ta ce ayyuka ne suka yi yawa, ta ba Zomo wayar suka gaisa a gajarce. Daga bakin wani direba da ya san gidan ta ji cewa silin ya saki, ya sauko ya kwanta a kan ɗankwalin Auta tana tsakiyar tuƙi, har ta kusa hawa bayan wata mota. Injiniya ya yi faɗa, ya ce daga yau a riƙa kai motar sabon wurin wankin da aka buɗe a tsallaken titi, mai gilasai da ma'aikata cikin riguna iri ɗaya.

Jin Auta ta kusa hawa bayan wata mota ya tsorata Yaya, don ba ta san ko 'yarta na ciki a lokacin ba, kuma ba ta da bakin tambaya. Amma ko wannan tsoron bai kashe kishin ba, waje kawai ya canza masa. Daga ƙarshen rumfarta ana hango ƙofar sabon wurin. Ranar Asabar sai ta ga motar mai ruwan toka ta ba da sigina ta shiga can. Ta ga wasu ƙatti sun buɗe ƙofofin sun zura kai. Su ne yanzu ke tsintar abin da Zomo ta yar, su zuba a shara ba tare da sun duba ba. Wata rana ta hango yarinyar ta cikin gilashi tana zaune a ɗakin jira, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana shan lemo. Titi ne kawai tsakaninsu. Yaya ta ajiye tsumma kamar za ta tsallaka, sai ta dubi rigarta da ta jiƙe da gumi ta koma ta ɗauki tsumman.

"Da hannunki kika toshe tagar da kike leƙe," in ji mai faci, ba tare da ya ɗago daga tayar da yake bugu ba.

"Na tambaye ka?"

"Ba ki tambaye ni ba. Sadaka na ba ki."

Ta jure har aka kusa dogon hutu. Wata Lahadi ta yi wanka, ta sa kayanta na fita, ta hau bas ta tafi gidan Auta. A kicin ta same ta tana yanka albasa. Suka gaisa kamar maƙwabtan da ba su saba ba. Auta ta ja mata kujera, ta zuba mata ruwa, ta koma kan albasarta.

"Wanda ya gyara silin ya ce zafi ne ya narkar da gam," in ji Auta, idonta a kan wuƙa. "Ya ce duk wanda ya yi bai san aiki ba. Na ce masa a'a, wadda ta yi ta fi shi sanin aiki."

"Mota in ta kwana biyu silinta na saki."

"Daidai saitin kaina kaɗai?"

Yaya ta juya kofin a hannunta.

"'Yata na zo ɗauka."

Wuƙar ta tsaya. "Ban sace ta ba, Yaya. Ke kika ba ni."

"Zango ɗaya na ba ki. Na goya ki, na bar makaranta dominki. Kin samu karatu, kin samu gida, kin samu mota, ban taɓa cewa komai ba. Abu ɗaya tak Allah ya ba ni bai ba ki ba, shi ma kin karɓe."

Maganar na fita ta so ta kamo ta. Ba wanda ya taɓa yi wa Auta gorin haihuwa a fuskarta, ko dangin mijinta a bayan ido suke yi. Auta ta ajiye wuƙar ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa. Da ta juyo idonta ya yi ja, ba ta ɗora wa albasa laifin ba.

"Ashe wannan ce maganar da ke bakinki duk shekarun nan. Da kin faɗe ta tun farko da ba ki wahalar da silin ba."

Ta leƙa falo ta kira Zomo, ta ce mata in an yi hutu za ta je wurin Yaya ta zauna, sauran magana kuma sai hutu ya ƙare.

Ɗaki ɗaya ne da Yaya a saman bene, a wani gida mai yawan 'yan haya, bayi na kowa da kowa a ƙarshen baranda. Ta yi masa fenti, ta sayi sabon labule, ta bar wa yarinyar gado ita ta koma katifa a ƙasa. Zomo ta zo da akwati da tarin littattafai. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ta kan tashi ta gyara gado, ta share ɗaki, ta ce sannu da aiki Yaya, an gode Yaya. In za ta ɗauki kofi sai ta nemi izini. Duk abin da aka dafa sai ta ce ya yi daɗi. Yaya ta so a ce yarinyar ta yi mata rashin kunya ko sau ɗaya, ta tura baki, ta ce ba ta son wannan miyar, irin yadda 'ya'ya ke yi wa uwayensu. Baƙuwa ce aka aiko mata, mai tarbiyya, kuma tarbiyyar ma ta wata ce.

Wasu ranakun ta kan bi ta rumfa da littafinta. Rana ɗaya ta ce tana so ta gwada injin. Yaya ta ɗora hannunta a kan nata, ta nuna mata yadda ake jan bakin a hankali, layi na bin layi. Yarinyar ta yi murnar ganin baƙin datti na fita daga kujerar wata tasi, ta manta ta kai ɗayan hannun gaban tiyo. Tururi ya lashi yatsunta biyu. Kafin ta gama ihu Yaya ta tsoma hannun cikin bokitin ruwan sanyi ta riƙe shi a ciki. Suna tsugune, kansu a haɗe, Zomo na jan numfashi ta haƙora.

"Kar ki gaya wa Mami," in ji ta. "Za ta ce in daina zuwa nan."

"Ba mai ji."

Yaya ta wuni ranar kamar an yi mata kyautar gida. Har mai faci sai da ta saya wa lemo, ya karɓa yana tambaya ko lafiya.

Amma da yammacin wannan ranar, tana hawowa bene da bokitin ruwa, ta ji dariyar 'yarta. Zomo na zaune a kan matakala ta juya baya, waya a kunne, tana ba Mami labarin wata maƙwabciya, tana kwaikwayon muryarta, tana ƙyalƙyalawa har da buga ƙafa. Ta yi shagwaɓa, ta yi gardama, ta ce ita dai a ajiye mata kaza in ta dawo. In ta dawo, haka ta ce. Yaya ta tsaya a bayan bango da bokiti a hannu har hannun ya sage. Duk makonnin nan ba ta taɓa jin wannan muryar ba.

Da hutu ya zo ƙarewa ita da kanta ta wanke kayan yarinyar, ta goge su gugar da ba a taɓa yi musu irinta ba, ta jera a akwati. Zomo na zaune bakin gado tana kallonta.

"Kina so in zauna, Yaya?"

"Ke kina so?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza yatsun da suka warke. Ba ta iya ƙarya ba, wannan kam halin ubanta ne.

"Tashi ki tafi ki yi karatunki," in ji Yaya. "Makarantar nan tamu ba ta da kujeru."

Asabar ta biyu bayan haka motar mai ruwan toka ta shigo rumfa ta tsaya a inda ta saba. Auta ta fito ta miƙa makulli, ta ce mutanen tsallake ba sa taɓa ƙarƙashin kujera. Yaya ta karɓa ta ce ai ba su san aiki ba. Iyakar sulhun ke nan. Ba su sake tayar da maganar kicin ba, kuma ba ta goge ba, tana nan a tsakaninsu, kowacce ta san inda take tana zagaye ta.

Kishin bai bar Yaya ba, sai dai ya zama kamar ciwon gwiwarta, wata rana ya lafa wata rana ya hana ta sakat. Ya tashi ranar da Zomo ta gama sakandare aka ba da kujerar iyaye biyu, Auta da Injiniya suka zauna, ita tana layin baya. Ya tashi ranar da yarinyar ta samu gurbin karatun haɗa magunguna, ta ji labarin a bakin Auta. Injin rawaya ya mutu ta sayi wani ja. Mai faci ya rasa haƙorinsa na ƙarshe bai rasa bakinsa ba. Furfura ta fito mata a gaban goshi, ta fara durƙusawa a kan matashi in za ta yi kafet.

Zomo ta fara aiki a wani babban kantin magani. Wata Alhamis da rana wata 'yar ƙaramar mota shuɗiya ta shigo rumfar tana tsalle, ta kusa ture bokitan masu wanki, ta tsaya a karkace. Zomo ce ta fito, doguwa, da farar rigar aiki, tana dariya tana ba su haƙuri.

"Yaya, tawa ce. Daga wurin dillali nake, ko gida ban je ba."

Yaya ta zagaya motar tana shafa ta. Ta buɗe ƙofa, warin taba ya buge ta, tsohon mai ita da alama a ciki yake kwana da sigarinsa. Kujerun sun yi baƙi, silin ya yi rawaya.

"Maminki ta gani?"

"A'a. Ke ce ta farko."

Yaya ta sallami motar da ke layi, ta ce mai ita ya dawo gobe. Ta cire kafet ta shanya, ta bi ramukan iska, ta zaro guntayen sigari daga inda ba mai zaton za su shiga. Ta canza ruwan injin ta sake canzawa. Tana aiki tana 'yar waƙa a maƙogwaro, abin da 'yan rumfar ba su taɓa ji ba. Zomo na kan benci tana hira da mai faci.

"Ki yi mata kyau sosai, Yaya," ta ɗago murya ta ce. "Kin san Mami da wari. In ta ji tabar nan ba za ta shiga ba."

Waƙar ta tsaya. Yaya ta dubi tsumman da ke hannunta. Wato an fara kawo mata ne don a gyara wa Mami. Ta ɗan jima a durƙushe, sannan ta ce a ranta ko ma don me ne, idonta ne ya riga gani, wannan kuma ba mai ƙwace mata. Ta ci gaba da aikin, ba waƙa, amma ba ta rage komai ba.

La'asar ta yi sanyi ta gama. Zomo ta zura kai ta shaƙa, ta rungume ta da rigar aikinta da gumin da komai, ta ce ta shiga su je su ba Mami mamaki. Yaya ta wanke hannu da fuska, ta kulle injin, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna kusa da 'yarta. Tuƙin sai addu'a, mota na mutuwa a kowace mahaɗa, na baya na ta hon. Yaya ta riƙe bel da hannu biyu tana cewa a hankali, a hankali, Zomo na cewa ta kwantar da hankalinta.

A ƙofar gidan Auta, Zomo ta danna hon. Auta ta fito da silifas, ta dafe ƙirji, ta zagaya motar tana sa albarka. Zomo ta ce ta shigo a zaga da ita layi. Auta ta nufo ƙofar gaba, hannunta har ya kai kan mariƙi, sai ta ga wadda ke zaune a ciki. Yaya ba ta motsa ba. Ta gyara zaman jakarta a cinya tana kallon titi ta gilashi.

Auta ta saki mariƙin, ta buɗe ƙofar baya ta shiga. Ta shafa kujerar da tafin hannu.

"Yaya, kujerar nan da sauran lema."

"Za ta bushe," in ji Yaya. "Zomo, ja mu tafi."